Rabin Taki Ƙasa

Anselmo mai gyaran jita ya ɗaga ta ga hasken taga,
ya bi wuyanta da yatsa kamar mai ɗori,
ya ce, "Ga tsaga nan, siririya kamar silin gashi.
Ba ta mutu ba, amma kada ki ƙara ja mata rai.
Sassauta tsirkiyoyin nan shida, kowace rabin taki.
Da haka za ta rayu, in kin yarda."

Na yarda. Jitar mahaifina ce, Eleuterio,
wanda ya yi shekara talatin yana sauke buhuna
a tashar jiragen ruwan Valparaíso,
ya tafi ya bar mini ita,
da bashin lantarki, da kwali cike da kaset.

Na goya ta na hau tudu,
matakala ɗari da sittin zuwa ƙofarmu.

Daren nan na kunna rediyo in bi mai waƙa.
Yatsuna suna inda aka koya musu,
amma sautina na biye da nasa kamar ɗan rakiya,
ga shi ga shi, ba su haɗu ba,
kamar hannu biyu da suka miƙa gaisuwa suka kuskure juna.
Da nesa ne da na haƙura.
Ratar da ba ta kai taki ba ita ta fi ciwo.

Sai na shiga cigiya.
Kowace Lahadi ina kasuwar tsofaffin kaya,
tsakanin mai takalma da mai soyayyen kifi,
ina tona faya-fayen da ƙura ta aura,
ina tambaya, wa ya rera a inda nake?
A wata uku na tara bakwai a bayan takardar bashi.
Biyu na makoki ne.
Ɗaya ta fi ƙarfin yatsuna.

Baltasar, yaron da ya huda hanci, ya yi mini dariya,
wai masu kiɗan tsawa da gangan suke sassautawa
don sauti ya yi kauri ya daki ƙirji.
Ya rubuto mini ashirin. Na gwada huɗu,
Fresia maƙwabciyata ta amsa da sandar tsintsiya a bango.

Ya ce to in maƙala mata ɗan ƙarfe a gaɓar farko,
ta koma daidai da ta kowa.
Na maƙala. Ta koma.
Amma ji na yi kamar na shaƙe tsohuwa
don ta yi muryar budurwa.
Na cire, na ba ta haƙuri.

Ran nan ruwan Yuli ya kwana yana zuba,
na rasa abin yi, na jawo rikodar tsoho daga ƙarƙashin gado,
wadda robarta ta saki tun ina 'yar firamare,
mai jan ƙafa, mai jan murya.
Na sa kaset ɗin da hannuna ya fara taɓawa.
Na kaɗa tsirkiya ɗaya, don wasa.

Suka haɗu.
Tsaf, kamar murfi da tukunyarsa.

Na sa na biyu, haka. Na tara, haka.
Ashe duk waƙar da na tashi da ita a gidan nan
a rabin taki ƙasa na ji ta,
a nan tsoho ya riƙa bin ta yana aske gemu,
a nan ta zauna mini a maƙogwaro ban sani ba.
Na sha yawon kasuwa
alhali abin nema na kwana ƙarƙashin katifata.

Gab da asuba wani jirgi ya yi kuka a teku.
Na taɓa babbar tsirkiya in ji ko shi ma namu ne.
A'a, shi yana can ƙasa da mu,
ban san da taki nawa ba.
Na juya kaset.