Ƙwan Jimina a Kawokuɗi

Asabar ce, na rufe shagon ɗinki da hantsi,
na bar wandon wani da ƙafa ɗaya,
don tun Talata Inusa ke cin kunnena:
"Baba, Ɓaunayen Nima sun ce kowa ya zo da 'ya'ya."
Muka gangara a ƙafa,
kuɗin mota ya zama na ƙosai,
Mumuni a wuyana yana tuƙa ni da kunnuwa,
Fusaina a baya, shiru, tana ƙirga kwatoci.

Wata bakwai ke nan da uwarsu ta hau jirgi
zuwa aikatau a ƙasar da ba ta san damina ba.
Tun daga ranar, maganar yarinyar nan
da cokalin shayi ake auna ta.

Fili ya cika ya batse.
Ga rumfa, ga ganga, ga mai zoɓo da ƙanƙara.
Aka shafa wa yara ja da baƙi a kumatu,
Mumuni ya lashe nasa, ya ce ba sukari.

Sai ga ƙwallon.
Na ce wannan ai ƙwan jimina ne,
ko kuwa gwanda ce da ta ƙi nuna?
In ta faɗi ƙasa ba ta san alƙibla ba,
tsalle take kamar ɗan akuyar da ya tsinke igiya.
Zari-ruga, in ji su.

Kocinsu, wani Tette mai karyayyen haƙori,
da Hausarsa ta kasuwar Mamobi
wadda ba ta raba mace da namiji,
ya ce, "Gudu gaba, miƙawa baya.
In an kayar da kai, tashi,
tura wa na bayanka da tafin ƙafa.
Sau shida ne iyaka."
Na ce a raina, wane irin ciniki ne wannan,
kana neman gaba, kana zuba riba a baya?

Inusa ya ruga ya rungume cinyar wani ƙato,
ƙaton ya zube da gangan kamar an sare kuka,
yara goma suka hau shi suna ihu,
shi kuwa yana roƙon a kira masa uwarsa.
Mumuni ya sami sa hannu a bayan riga,
rigar makaranta, wadda zan wanke gobe.

Ita tana gefen igiya, hannu a cikin hijabi.
Ƙwallon nan marar alƙibla
ta yi hagu, ta yi dama, ta canza shawara,
ta zo ta kwanta a kan silifas ɗinta.
Wata 'yar wasa, Akwele, ba ta ce komai ba,
haɓa kawai ta ɗaga mata.

Fusaina ta sunkuya.
Fusaina ta zara.
Silifas ɗaya ya yi gabas, ɗaya ya zauna,
hijabi ya cika da iska kamar tantin biki,
sai na ji murya, muryar da na manta kaurinta:
"Baba! Biyo ni! Tsaya a bayana!"

Ni da rabona da gudu tun ambaliyar bara,
na bi, awon tela na reto a aljihu.
Ta waiwayo ta wurgo,
ƙwan jimina ya daki ƙirjina,
na riƙe, na yi taku uku, na faɗi
ba tare da kowa ya taɓa ni ba.
Filin Kawokuɗi duka ya yi mini tafi.

Da magariba ta ƙwace wayata,
ta danna, ta yi wa uwarta magana minti tara,
har da yadda na faɗi, har da sautin faɗuwar.

Yanzu sun yi barci, fenti a kan matashi.
Na koma kan wandon mutane, gwiwa na zogi.
Na kai ƙarshen layi, na danna ƙarfen keke,
allura ta koma baya taku uku
kamar yadda take yi shekara ashirin
don kada ɗinki ya warware.
Ban taɓa kallonta ba sai yau.