Kwabo da Taro

Babana dillali ne a 'Yan Awaki,
da hannu yake awo:
ya danna gadon baya, ya matsa cinya,
ya ce, "Wannan za ta cika tukunya."
Da zai ga abin da nake kiwo yau
a gindin duwatsun Naraguta,
da ya tuɓe hula ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Awakina ba sa kaiwa gwiwa.
Wadanni ne, ciki kamar tulu, ƙafa taƙi guda.
Na raɗa musu sunayen kuɗin da suka mutu:
Kwabo, Taro, Sisi,
sai uban garke, Sule,
wanda sai ya yi ɗage yake leƙa bokiti.

Kasuwar nan a juye take:
duk yatsa ɗaya da tsayi ya ragu, kuɗi ya hau.
Ba mai tambayar nama.
"Tana tunkuyi? Tana wari?
Za ta tsaya a ɗauki hoto?"
Ngo Kaneng ta leƙo ta kan shingen kerana:
"Sha'aibu, akuyar da ba a ci, ba a tatsa,
aikin me take?"
Na ce, "Aikin kyanwa, ban da kama ɓera."

Wata Asabar, ruwan Agusta na zuba,
baƙar mota ta iso daga Abuja,
Injiniya Tanko da laima, 'yarsa Hindatu ba laima.
Ta durƙusa a cikin taɓo,
Kwabo ta kama igiyar takalminta tana tauna.
Ciniki ya faɗa tun kafin a yi magana.

Na ce, "Ku ɗauki biyu,
akuya ba ta kwana ita kaɗai."
Ya yi murmushin wanda ya san halin 'yan kasuwa.
"Ɗaya ta isa."
Kuɗi ya shigo ta waya.
Na ba shi dusa mudu biyu da takardar rigakafi.
Taro ta bi motar da ido har kwana,
daren nan ko harawa ba ta shinshina ba.

Kwana tara, waya ta tashe ni kafin kiran assalatu.
Ban ji sallamarsa ba,
kukan Kwabo na fara ji, ya dishe kamar tsohuwar ƙofa.
"Ta cinye furannin madam,
ta cinye takardar kuɗin wuta,
maigadi ya ce zai ajiye aiki,
rabin Gwarimpa ba ya barci,
Hindatu ta kai tabarma gareji, can take kwana.
Malam, me dabbar nan take so?"

Ban ce masa komai ba.
Na saka silifas, na kai wayar bakin garke.
Taro ta ɗaga kunne,
ta amsa sau ɗaya, can daga ciki.
Shiru ya sauka a Gwarimpa,
shiru ya sauka a Naraguta,
sai ɗigon ruwa a kan kwano.

Ni na kai ta da kaina,
a kwalin taliya, bisa cinyata.
A gangaren Hawan Kibo ta yi fitsari,
fasinjan gefe ya tsine wa sana'ata.
Ban ƙara ko sisi a kan farashi ba,
duk da na san ko nawa na yanka zai biya.

Da aka buɗe ƙofar gareji
ba su rungumi juna ba, awaki ne:
suka ja da baya, suka gwabza goshi,
suka sa kai a kwano ɗaya.

Kafin in tafi na tsinci hannuna
yana danna gadon bayan Kwabo irin na Baba.
Ta rame.
Hindatu ta ce, "Me kake aunawa?"
Na janye hannun, na sa a aljihu,
na tambaye ta hanyar tasha.