Ɓera Ya Ci Ɓera

Ɓeran kasuwa ya gwigwiye wutsiyar ɓeran kwamfutata.
Cikin dare ya yi aikinsa,
ya bar jar waya a fili kamar jijiya,
da kashinsa uku a kan rasit ɗin Iya Bukola.
Ɗan dandalin da ake shafawa da yatsa kuwa
tun ranar da kwanon rumfa ya yi yoyo ya daina jin magana.

Huɗu saura na asuba, Mil Sha Biyu.
A ƙasa ana sauke albasar Aliero,
buhu na faɗuwa, katakon bene na amsawa.
Ƙarfe bakwai Alhaji Tasi'u zai tara 'yan ƙungiya,
ya ce lambobi ba sa shiga kan kowa,
zane yake so, mai ginshiƙai,
wanda ko ɗan dako zai kalla ya ce ya gane.

Ga zanen can a gefen jadawali,
ina ganinsa, ba ni da hannun taɓa shi,
kamar mangwaron gidan maƙwabci.

To, yatsu goma ne Allah ya ba ni.
Na danna Alt, haruffa suka fito kan kowace ƙofa
kamar lambobin danfo a Ojota.
Na shiga wadda ba ita ba. Eskep.
Na sake shiga wata, ta kai ni wajen buga takarda.
Eskep, Eskep, bawan Allah mai haƙuri,
bai taɓa tambayata me ya kai ni ba.

Tab, Tab, Tab,
tafiyar mai laluben bango in an ɗauke wuta,
har zanen ya yi ɗan firgigit, gefensa ya yi kauri.
Na kama shi.

Daga nan sai kibau huɗu.
Kibiyar sama ta ɗora ni kan take,
har yanzu sunan bara ne a jiki, na goge, na rubuta bana.
Kibiyar ƙasa ta kai ni kan tumatir
da wani ya yi wa launin kore, sai ka ce ɗanye muke sayarwa.
Kwantirol da ɗaya, taga ta buɗe,
na bi launuka gida gida har na iske ja.

Kibiyar dama kuma wata wata take tafiya.
Janairu dogo. Maris ya fi shi.
Afrilu, Mayu,
sai ga Yuni, ɗan guntu, ko gwiwar Mayu bai kai ba.
Watan da tirela ta kwanta bayan Mokwa,
kwando ɗari shida suka zama miya a kan kwalta,
Sagiru ya dawo gida da ƙafa ɗaya.

Alhaji ya ce, in da hali, a ɗan rufa wa Yuni asiri.
Da hali mana.
Maɓalli ɗaya ne, ga shi nan a kusurwa, ya fi kowa sheƙi.
Na danna.
Mayu ya matso ya jingina da Yuli
kamar ba a taɓa yin kowa a tsakaninsu ba.

Na zauna ina kallon shekara mai wata goma sha ɗaya.
Sauro ya ci abin da zai ci a idon sawuna.
Ladan ya gyara murya a masallacin 'yan barkono.

Kwantirol da Zed.
Yuni ya dawo mazauninsa, guntu yadda yake.
Na hau kansa da kibiya, shi kaɗai,
na cire masa ja, na sa masa ruwan toka,
na rubuta adadinsa a bisa kansa, babu ragi ko na naira.

Batir ya ce saura uku.
Kwantirol da Es, sau biyu, don ban yarda da kowa ba.

Na rufe murfi, na ɗauki buta.
A bakin tsani muka haɗu da shi, mai gashin baki,
ya tsaya, na tsaya.
Kwandasta na ta ihun Ketu, Ketu, Ojota.
Na ba shi hanya ya wuce.