Ɗigo a Bayan Layi

A tsibirin Saaremaa, a watan da dare ba ya gama yin baƙi,
Virve ta kashe fitilar tarko da asuba,
ta durƙusa, gwiwa na ƙara kamar tsohon ƙyaure.

Kiret-kiret na ƙwai ta jera a akwatin
don baƙin dare su sami maɓoya.
Ta ɗaga na farko: 'yan gida ne.
Na biyu, su ne dai.
Na huɗu ya tsayar mata da numfashi.

Faɗa-wuta ɗan mitsitsi,
bai kai farcen ƙaramin yatsa ba,
ya naɗe fukafukai kamar tabarmar baƙo mai shirin tafiya.
Launin busasshen kara,
da farin zane siriri tun daga kafaɗa,
sai dai dab da ƙarshe
zanen ya yi rassa biyu.

"Leelo, kawo madubin kakanki."

Yarinya ta fito da barci a ido,
da littafin da gishirin teku ya kumbura.
Shafi na ɗari biyu da sha ɗaya:
'yan uwa biyu, kamar an tsaga kara.
Ɗaya zanensa miƙe sambal, na nan ne, ko yara sun san shi.
Mai rassan kuwa, littafi ya ce
iyakarsa kudu, can hayin ruwa,
bai taɓa ƙetarowa ba.

"To ai shi bai iya karatu ba," in ji Leelo.

Virve ba ta yi dariya ba.
Kama da wane ba wane ba ne:
ta juya shi ga haske, ta duba gezar fiffike,
ta duba sau uku,
rassan na nan.

A bangon kicin akwai taswirar Endel,
shekara arba'in na jajayen ɗigo,
da layin fensir da ya ja da hannunsa
kafin hannun ya daina riƙe komai.
Ƙasan layi cike fal.
Samansa fari tas.

Ta rubuta rana, ta rubuta iskar kudu,
ta jiƙa bakin alƙalami.
Ɗigon ya ɗan karkace.

Ko guguwa ce ta jefo shi shi kaɗai,
ko ya zo neman wurin zama,
wannan sai baɗi.

Leelo ta buɗe kwalba a cikin ciyawa.
Bai tashi ba.
Ya hau wani kara, ya zama kara.