Ƙwaya Takwas

Babana ya rasu a watan Yuli,
sanda sanyi ke hawo tudun Valparaíso daga teku.
Ya bar mini bashin gas, da mage mai ido ɗaya,
da kwamfutar da ya shekara goma sha ɗaya yana yi wa kirari:
"Ƙwaya takwas ne a masarrafinta, Ximena,
takwas cif, kamar 'yan dako a bakin jirgi."

Da na tashi sayar da ita
mai saye ya ce in turo masa bayananta.
Na sa manhajar da ke leƙa cikin inji,
na zauna a kujerar Baba, wadda ta lotsa daidai jikinsa.

Allo ya kawo lambobi, kore a kan baƙi.
Ƙwayoyi: huɗu.
Na goge tabarau, na sake dubawa.
Huɗu dai.
Takwas ɗin zare ne, kowace ƙwaya na jan biyu,
kamar jaki ɗaya da mangala biyu.
Wani ɗan kasuwa a titin Condell
ya sayar wa tsoho rabin gaskiya da cikakken kuɗi,
rasit ɗin na nan a aljihun tebur, an ninke shi huɗu.

Na yi dariya har mage ta bar ɗakin.

Sai na ga layin zafi.
Digiri tamanin da tara. Casa'in da uku.
Gudun da aka rubuta gigahaz uku da ɗigo shida
ya sauko ɗaya da rabi,
injin na rage sauri don kada ya ƙone kansa,
bai taɓa gaya wa kowa ba.
Na san wannan layin mai hawa da sauka.
Kwana tara na kalli irinsa a saman gadon asibiti,
Baba na cewa, "Lafiyata ƙalau, je ki gida."

Na kwance murfin da wuƙar cin abinci.
Ƙura ta yi kirtani a fanka,
da gashin mage, da tokar sigarin da ya rantse ya daina.
Na hure, na share, na shafa sabon man sanyi.

Hamsin da ɗaya.
Ƙwayoyi huɗu suna numfashi a jere.

Mai saye ya sake rubutowa: "Nawa ne ƙwayoyin?"
Jirgin ruwa ya yi kuka a ƙasan tudu.
Na rubuta huɗu, na goge.
Na rubuta takwas, na goge.
Na ce masa an riga an sayar.