Tsaga Uku

Ƙarfe bakwai nake buɗe ɗakin awo a Oko-Oba,
kafin mayanka ta cika da kukan shanu,
kafin jirgin ƙasa ya ratsa Agege ya girgiza min kwalabe.
Aikina ƙuda.
Ƙannena dariya suke yi:
"Yaya Barira ta yi digiri a kan abin da ake kora da mafici."

A wurinsu ƙuda ƙuda ne.
Ni kuwa shekara goma sha ɗaya muna zaune tare.
Na san tsando da ɗan gatarin da jijiyoyi suka zana
a tsakiyar fiffikensa,
na san bobuwa da idanunta masu ratsin atamfa,
na san wanda gashinsa ya ɗara na ɗan'uwansa da sili ɗaya,
silin nan kuwa kan raba
mai lasar miya da mai cin naman mai rai.

Baba, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa leƙa madubi ba.
Sai ya dubi yadda sa ke kaɗa wutsiya
ya ce, "Wannan a hanyar Jebba aka cije shi."
Ni sai na soke ƙuda da allura,
na gyara fitila, na riƙe numfashi,
kafin in faɗi abin da ya faɗa a tsaye.

Ran Talata, ana yayyafi,
Sallau mai wanki da guga ya shigo, ya manta sallama.
Kwalbar magani a hannunsa,
a ciki tsutsa, fara, mai ƙiba kamar ƙwayar gyaɗa.
"Daga bayan ɗana nas ta matso ta.
Saura maruru biyar.
Maƙwabta sun ce jifa ne."

Tsutsa ba a tambayarta a ka.
Sunanta a ƙarshenta yake rubuce,
inda ƙofofin numfashi biyu suke,
kowace da tsaga uku.
In tsagar ta miƙe, zoben da ya kewaye ta ya tsinke,
to mai haƙa ce, ba ta ƙoshi,
a saɓi yaro a yi asibiti da gudu.

Na juya ta da tsinke.
Hannuna da ba ya rawa ya yi rawa,
don Sallau na tsaye a kaina yana ƙanshin sabulu da gawayi.
Ɗaya, biyu, uku.
Duk sun lanƙwashe,
kamar sawun maciji a rairayin bakin teku.

Na ce, "Ba mai jifanka.
Ƙudan tumbu ne. Ɗaki ɗaya, baƙo ɗaya,
a toshe masa iska ya fito da kansa.
Ina ake shanya kayan yaron?"

"A bayan gida. A ƙasa, wajen inuwa.
Igiya ta cika da kayan mutane."

"Kana goge su?"

Shiru.
Mutumin da ke fitar da kari a rigunan ma'aikatan bankin Ikeja
har kari ya kusa yanka yatsa,
mutumin da ke goge hankicin wasu.
Can ya ce, "Gawayi ya yi tsada, Malama."

Na zuba tsutsar a ruwan adana,
na rubuta kwanan wata, na rubuta Agege,
na rubuta dogon sunan nan da Baba ba zai iya furtawa ba.

Da yamma, a hanyar shiga danfo,
na bi ta rumfarsa, ban tsaya ba.
Rigunan banki na jira a tare a gefe.
Ya sunkuya a kan wata 'yar shimi
wadda ba ta kai faɗin dutsen gugar ba,
yana bin ɗinki, gaba da baya,
yana juya ta, yana sake bi.