Zobe Ɗaya

A Algona, inda masara ke gasar tsawo da sandunan waya,
maƙwabcina Delbert Kruse ya kori motarsa waje.
Shekara goma sha ɗaya tana kwana a raɓa da ƙanƙara
don jirgi ya gaje garejin.
Da hannunsa ya lanƙwasa bututu, ya ɗinke fiffike da yadi,
ya shafe shi ruwan ɗorawa.

Ni aikin dare nake a asibiti.
In na taso da safe, ido kamar an watsa yashi,
sai in ji ta kan shinge: "Tanimu, ara min yatsunka."
Nasa sun fara rawa.

Ba a ba ni inji ba, ba a ba ni farfela ba.
Rabona can baya ne, ƙasa, inda sai an durƙusa:
'yar taya, ba ta fi tafin hannu ba,
sarƙa biyu, hagu da dama,
kowace da sifirin a tsakiyarta,
sun sauko daga ƙahon wutsiya sun kama kunnuwan tayar.
Ka taka feda a gaba, waya ta ja, wutsiya ta karkata,
sarƙa ta kai saƙo, taya ta ce to.

A gida mukan ce wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa.
Na faɗa masa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ya ce wannan raƙumin a kan wutsiya yake tafiya,
a can kuma akalarsa take.

Ranar farko mun ɗaure tamau.
A filin ciyawa bayan gonar su Halvorson
jirgin ya ji ƙafa tun kafin ƙafa ta yi niyya,
ya yi hagu, ya yi dama,
ya wulwula kamar kare mai bin bindinsa,
ya tsaya yana kallon inda ya fito.
Muka sassauta. Sai ya koma kurma:
ka taka yau, ya amsa gobe,
tayar tana kar-kar-kar kamar haƙoran mai zazzaɓi.

Tsakanin tamau da sako-sako zobe ɗaya ne.
Mako uku muka yi muna nemansa.
Cire, mayar, ƙirga, sake ƙirgawa,
giris a farce, filaya a baki,
shi yana zaune kan kifaffen bokiti.
"Bar mata wuri kaɗan," ya ce, "ta yi numfashi.
Marlys ce ta koya min wannan, ba littafi ba."
Marlys tana bakin taga, ta ji,
ta ce ƙarya yake, har yau bai koya ba.

Sai takardar likita ta zo a Satumba.
Idon hagu ya dushe. Babu tashi.
Ya karanta, ya ninke ta huɗu,
ya cusa ƙarƙashin ƙafar teburin da ke ɗingishi.

Yanzu kowace Asabar, in iska ta kwanta,
nakan janye katakon da ke tare tayoyin gaba,
ya bi filin daga shinge zuwa shinge,
sannu sannu, wutsiya a ƙasa,
ya kai ƙarshe, ya taka hagu, ya dawo.
Fiffiken shekara goma sha ɗaya inuwa kawai yake yi.
Duk aikin ya koma kan 'yar tayar nan
da sarƙar da na ƙirga da yatsuna.

Jikarsa Jolene tana koyon tuƙi a Mason City.
Ta ce bazara mai zuwa ita za ta ɗaga shi.
Ya ce ma gani.

Jiya da ya sauko, ya zagaya baya, ya daɗe tsaye
yana duban layin da tayar ta bari a raɓa,
miƙaƙƙe kamar an ja da zare.
Bai ce komai ba. Ya nemi kofinsa.
Zoben da muka cire yana aljihuna,
cikin makullan gida.